Ɗaki mai ƙofar ƙarfe a wani tsohon masaukin Kano

Har yau in na tuna kuɗin da labarin wani maigadi ya sa na kashe, sai raina ya ɓaci. Masaukin wani tsohon gini ne da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa da Kantin Kwari, an shafe shi da fenti an rarraba shi ɗaki-ɗaki. Bangonsa ya yi kauri fiye da kima, tagoginsa can sama suke da sandunan ƙarfe, a ƙarshen baranda kuma akwai wani ɗaki marar taga mai ƙofar ƙarfe, kullum a garƙame. Lokacin hunturu ne. Dare na rabawa sai rufi ya fara ƙas-ƙas kamar ana tafiya a kansa, wani wari mai kama da na tsohuwar fata ya taso. Na karanta Ayatul Kursiyyu ya fi a ƙirga, barci kam bai samu ba.

Da safe na tambayi maigadi. Ya ce, "Ai Malam, asibitin Turawa ne da. Wancan ɗakin kuwa nan ake ajiye gawa."

Wannan magana ita ta kai ni Kaduna, Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa, ina ta neman asibitin da ba a taɓa yi ba a cikin fayilolin Lardin Kano, waɗanda ake kira KANOPROF. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na kwafar takardu, duk a banza. Asibitin Turawa a Nasarawa yake, na 'yan ƙasa yana cikin birni. Wani dattijo mai bincike da muke zaune teburi ɗaya shi ya tausaya mini, ya ce in bar batun asibiti, in nemo lambar fuloti. Tun dokar filaye ta 1910, baƙon da ba ɗan ƙasa ba sai da takardar mallaka yake riƙe fili a Arewa, saboda haka sunan mai fili da lambar fuloti su ne ke buɗe fayil. Sunan titi ba ya kai mutum ko'ina, don da yawansu an sake su bayan samun 'yanci.

Da na koma Kano na samo lambar, sai komai ya warware, har na ji kunyar tsorona. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanoni irin su John Holt da Niger Company suka kakkafa kantuna a gefen tasha, Kwarori, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suka zauna a Fagge ta Kudu. Ginin nan sito ne na wani ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa da ƙiraga. Ɗakin da ya hana ni barci kuwa ma'ajiyar kuɗi ce. Manoman wancan zamani ba su yarda da kuɗin takarda ba, sulalla suke so a damƙa musu, don haka duk mai sayen gyaɗa sai ya tanadi buhunan tsaba da ɗakin da ɓarawo ba zai fasa ba. Warin, ina kyautata zaton na fatun da suka shekara a wurin ne. Ƙarar rufi kuwa kwano ne da ya sha rana yake takurewa in sanyi ya sauko, ɓeraye na taya shi.

Ban ce kada a saurari mutanen wuri ba, amma a san wanda za a tambaya. Maigadin nan bai fi shekara uku a gidan ba, shi ma ji ya yi. Mai unguwa ne ya haɗa ni da wani tsoho wanda mahaifinsa ya yi dako a siton, kafin mu gama shan shayi ya nuna mini inda sikeli yake da ƙofar da jakuna ke sauke kaya. Duk wanda ya ce maka tsohon gini asibiti ne ko kurkuku, tambaye shi a bakin wa ya ji kafin ka hau motar Kaduna. Kuma ka ɗauki hoton bango, da ƙyaure, da duk wani rubutu da ke jikin ƙarfe tun a zuwan farko. Masu gyaran gini a wannan yanki ba sa jiran kowa, shaguna suke so.