Asabar: Auta ta jira biki, bikin bai zo ba

Tun asuba ake tsuga ruwa, ba islamiyya, ba fita. Auta ta ishe ni da "Umma, a sa mana katun", sai na lalubo wani tsohon fim na Japan da ya daɗe a kwamfutata: labarin 'yar ruwa na Hans Christian Andersen, wanda kamfanin Toei ya fitar a 1975, shekara ɗari cif da mutuwar Andersen ɗin.

Laifina ne da ban ja mata kunne ba. Ita na Disney ta sani, na 1989, mai ƙarewa da aure. A nan sunan yarinyar Marina, gashinta kamar zinariya, abokinta wani ɗan dolfin (wata dabbar teku mai kama da babban kifi) mai suna Fritz. Zanen hannu ne, wani wurin baki kaɗai ke motsi, amma kalar ƙarƙashin tekun nan ta tsaya mini a rai.

Marina ta ba mayya muryarta don ta samu ƙafafu ta je wurin yariman da take so, shi kuma ya auri wata. 'Yan uwanta suka ba da gashin kansu aka ba su wuƙa: ta kashe shi kafin rana ta fito, ta koma ruwa. Nan Auta ta matso ta damƙe bakin zanina. Marina ta kasa. Gari ya waye, ta zama kumfa.

"Umma, ina bikin?"

Na ce babu. Sai kuka, har da shessheƙa. Babanta ya leƙo yana cewa me na nuna wa yarinya haka. Na ce tun 1837 haka Andersen ya rubuta, Japanawan dai ba su zuba masa sukari ba. Ni kam hakan ya fi mini. Kakata ma in tana mana tatsuniya, wanda kura ta cinye ta cinye shi ke nan.

Da ƙyar na lallashe ta da alkawarin gobe za mu kalli kyanwa mai takalmi, na 1969. Pero sunansa, daga Charles Perrault na Faransa mai labarin, kuma har yau fuskarsa ce tambarin Toei Animation, sashen katun na Toei. Hayao Miyazaki, shahararren mai shirya katun na Japan, ma yana cikin masu zanen, tun bai yi suna ba.

Tana bakin barci ta ce, "Umma, shi ma zai mutu?" Na ce a'a. Ta ce in rantse.