Daren ƙarshe a Jidda: tantin kiɗa ko gidan kifi

Kwana 10 muka yi tsakanin Madina da Makka kafin mu gangaro Jidda, mu shida: ni, uwargida, yara uku da Hajiyata. Hutun makaranta na Disamba muka haɗa da umara, lokacin da zafin ƙasar ya lafa. Daga Madina zuwa Makka jirgin ƙasan Haramain muka hau, wanda ya fara aiki a 2018, ya cinye kilomita wajen 450 cikin awa biyu da ɗoriya, Hajiya na kallon duwatsu ta taga tana ba jikokinta labarin yadda motar alhazai kan shafe kusan yini a wannan hanya. Jidda kuwa kwana biyu kacal muka ware mata, don daga can za mu tashi zuwa Kano.

Kawu ne ya tarbe mu, ɗan baffan Hajiya. A Makka aka haife shi, sau biyu kawai ya taɓa taka Kano. Mahaifinsa ya bar gida yana saurayi, ya bi hanyar da mutanenmu suka daɗe suna bi: Borno, Chadi, Fashir, Ubayyid. Ya tsaya cirar auduga a gonakin Jazira na Sudan har ya haɗa guzuri, sannan ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Ya sauke farali, bai sake komawa ba. Hausar Kawu garau take, irin ta tsofaffi, sai dai ba ya yin nisa da magana "yalla" ko "khalas" ba ta faɗo ba. Da babban ɗana, mai shekara 15, ya ji ana ce masa Hausawi, nan take ya tambaye shi ko ɗan'uwan Osama Hawsawi ne, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ya waladi, Hausawi a Hijaz sun fi a ƙirga."

Ranar ƙarshe da la'asar sakaliya ya kai mu Balad, tsohon garin Jidda, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2014. Gidajen dogaye ne, an gina su da duwatsun murjani da aka ɗebo daga teku, ga tagogin katako masu sassaƙa sun turo kai waje, waɗanda suke kira rawashin. Na ciki yana ganin na waje, iska na shiga, na waje bai ga komai ba. A ƙofar gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, Hajiya ta tsaya cak, ta ɗaga kai, ta ce, "Ai wannan darbejiya ce!" Ita ce kuwa, tsohuwa, ta baza rassa a gaban gidan. Ta tsinci ganye ɗaya daga ƙasa ta murza ta shinshina, kamar ta haɗu da 'yar garinsu.

A nan cikin kasuwa wani saurayi ya miƙa wa ɗana takarda. Kafin mu kai Bab Makka yaron ya buɗe bidiyon a waya, ƙannensa sun rufa masa. Tanti ne babba a wajen gari ta arewa, an shimfiɗa darduma, an hura wuta a tsakiya, ga makaɗa, ga maza suna juya sanduna, ga dogayen tebura cike da shinkafa da naman rago. Mota za ta ɗauke ku da ƙarfe takwas da rabi, ku ci abinci kuna kallon wasa, a dawo da ku bayan sha biyun dare. Kuɗi kan kowane kai ne, ƙananan yara rabi. Irin wannan abu sabo ne a ƙasar. Sai a 2016 aka kafa hukumar nishaɗi, a 2018 aka sake buɗe gidajen silima, a 2019 aka fara ba da bizar yawon buɗe ido. Saudiyyar da Hajiya ta sani a hajjinta na farko ba ta da wannan.

Shi kuwa Kawu tun safe ya riga ya ce daren nasa ne, gidan kifi zai kai mu.

Bayan magariba, a ɗakin otal, magana ta tashi. Uwargida ce ta fara, kuma ta tsaya wa yaran tsakani da Allah. Ta ce kwana goma suna biye da mu, asuba a Harami, ɗawafi cikin cunkoso, sa'ayi a ƙafa, ko autarmu mai shekara 6 ba ta yi ƙorafi ba. Hutunsu ne wannan, gobe sai jirgi, jibi sai makaranta. Gidan abinci akwai shi a Kano, amma ina za su ga wannan? Ban sami abin da zan kushe a maganarta ba.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Tana zaune a bakin gado tana shafa wa gwiwarta man zafi, gwiwar da ta yi tsami tun ranar da ta kafe sai ta yi Safa da Marwa da ƙafarta, kusan kilomita uku, ta ƙi keken turawa. Ta ce, "Ku je abinku, ni zan zauna. Jiya-jiya na yi sallama da Ɗakin Allah, yau kuma a gan ni a gaban ganga?" Ta faɗa ne ba don ta hana kowa ba, amma duk wanda ya san Hajiya ya san idan muka tafi ba za ta runtsa ba sai mun dawo.

Na zaci Kawu zai goyi bayan yayarsa, sai ya ba ni mamaki. Ya ce, "Yaya, mizmar ba abin kunya ba ne. Da shi muka tashi a unguwanninmu na Makka, ranar sallah da daren biki." Ya bayyana wa yaran yadda ake yi: maza su ja layi biyu suna fuskantar juna, suna tafi, suna amsa waƙa, ganguna na tashi, sai mutum biyu su fito tsakiya kowa da gorarsa yana wulwula ta, wani lokaci suna zagaya wuta. UNESCO ta karɓe shi a 2016, shekara guda bayan ardar Najadu, wadda ake yi da takubba. Abin da bai kwanta masa ba shi ne a zauna a kujera ana cin shinkafa ana kallonsa. Mizmar na wanda ke cikin layi ne, in ji shi, wanda tafinsa ke zafi.

Ni nawa lissafin na maigida ne. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace ɗaya, don haka duk abin da naira ta yi, a aljihunka za ka ji shi. Mu bakwai ne da Kawu, kuma da na haɗa kuɗin tantin sai na ga ya ninka abin da za mu kashe a gidan abinci mai kyau. A irin waɗannan wurare wasan kake saya, abincin rakiya yake yi; an dafa shi don ɗaruruwan baki, abin da aka zuba shi za ka ci. Auta kuma ƙarfe tara take ɓingirewa, ke nan mun biya mata kuɗin barci a kan darduma. Amma duk wannan da an jure shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wurin wasa kowa gaba yake fuskanta, lasifika na ƙara, ba ka jin na kusa da kai. Hajiya ta haura saba'in, Kawu ya ba sittin baya, shekara da shekaru ba su zauna wuri ɗaya sun yi hira ba, kuma Allah kaɗai ya san ko za su sake. Da mu kaɗai ne da yara, da sauran kwanaki a gaba, da na biya kuɗin tantin ban yi nadama ba. A wannan dare dai na ce gidan kifi za mu. Ɗana ya sa wayarsa a aljihu, bai ce uffan ba, kuma shirun nasa ya dame ni har muka shiga mota.

Gidan kifin ba wani ƙayatacce ba ne. Daga ƙofa sai ka tarar da kifaye a jere kan ƙanƙara, kai za ka nuna wanda kake so, a ɗora a sikeli, a tambaye ka soyawa ko gashi. Kawu ya ɗaga kunnen wani jan kifi mai ɗigo-ɗigon shuɗi ya duba, ya danna jikinsa da yatsa, naman ya dawo, ya ce wannan najil ne, sarkin kifin Bahar Maliya, na yau ne. Ya ƙara hamur guda da jatan lande. Yarinyata ta tsakiya ta nuna wani kore mai baki kamar na aku, aka ce sunansa harid, ta dage sai an sa shi. Tun daga 2019 ba a tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar iyali da ta maza, amma wannan gida bai rushe ɗakunansa ba. Aka ba mu ɗaki mai labule, da kafet da matasai a jikin bango. Hajiya ta miƙe ƙafarta, ta sassauta mayafi, ta yi ajiyar zuciya.

Aka shimfiɗa leda, aka dire faranti ƙato na sayadiyya, shinkafar da ta yi launin ƙasa-ƙasa saboda albasar da aka soya har ta kusa ƙonewa kafin a zuba ruwa. Kifin an tsattsaga shi, fatar ta soyu ƙarau, cikinsa fari tas yana tururi. Ga ƙananan kwanoni biyu a gefe, ɗaya na niƙaƙƙen riɗi, ɗaya na wani romo mai duhu da suke kira humar. Uwargida ta ɗanɗana ta ce, "Kawu, ai tsamiya ce." Muka sa hannu gaba ɗaya. Kawu na zare ƙaya yana tura wa auta tsoka, Hajiya na yi masa faɗan ya ci nasa.

Daga tsamiya hira ta koma kan abinci, daga nan ta koma kan mahaifin Kawu. Ashe da tukuba ya riƙe iyalinsa a Makka. Tsiren da yake yi da garin ƙuli da yaji shi ne mutanen Hijaz ke kira siriyya har yau, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran nasu agashe. Hajiya ta ce ta tuna ranar da wasiƙarsa ta farko ta iso gida, da ajami, bayan an daɗe da fidda rai. Kakarsu ta sa aka karanta mata sau uku. Kawu bai taɓa jin wannan ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ce, "Yaya, me ya rubuta?" Ta faɗa masa abin da ta riƙe: gaisuwa, da sunayen waɗanda ya yi wa addu'a a Arfa, da roƙon a yafe masa daɗewa. Ya cire tabarau ya goge idonsa da gefen shimaginsa, ƙyallen da mazan ƙasar ke yafawa a ka. Na waiga na ga ɗana ya daina cin abinci, ya zuba musu ido.

Da aka kawo shayi da na'a-na'a, yaron ya ce, "Kawu, da gaske kun iya juya gorar?" Kawu ya wanke hannu, ya ari sandar dogarawar Hajiya, ya ja labule ya rufe sosai. Ya tsaya a ɗan filin da ke tsakanin ƙofa da ledar abinci, ya koya wa yaran tafin, biyu a jere ɗaya a ware, ya fara rera wani baiti da muryar ƙasa-ƙasa. Sandar ta shiga juyawa tsakanin yatsunsa, ta bi ta bayan wuyansa ta dawo, ƙafarsa ɗaya na dogarawa ɗaya na shara. Bai fi minti biyu ba numfashi ya tsayar da shi. Hajiya na cewa, "Kai dai ba ka girma," amma hannunta na kan cinya yana bin tafin.

A hanyar komawa ya bi da mu ta bakin teku don yara su ga maɓulɓular Sarki Fahad, wadda tun 1985 take harba ruwa sama da mita 300. An haske ta da fitilu, iska na karkatar da kanta gefe guda. Auta ta riga ta yi barci a kafaɗar uwarta. Na ce wa ɗana ina sane da bashin tantin da yake bi na, in Allah ya sake kawo mu zan biya. Ya ce to, Baba.

Washegari da yamma Kawu ya zo raka mu filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ƙullin siriyya mai zafi a takarda, muka cinye a mota, Hajiya ta ce yajin ya yi sanyi amma ƙulin na gida ne. Da muka sauke kaya sai ya buɗe but ya zaro wata gora doguwa, mariƙinta ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu, ya miƙa wa ɗana. Ma'aikacin awo ya ce ba za ta shiga jirgi a hannu ba, sai muka naɗe ta da leda, aka manna mata takarda, ta bi layin kaya tare da katan-katan ɗin zamzam masu lita biyar.