Ku fara duba agogon suwic kafin ku ɗora masa doka

Ƙannena masu koyon harkar netwok, bari in ba ku labarin wata kunya da na sha ko wani zai tsira. Oga ne ya ce yana so kwamfutocin ɗakin baƙi su riƙa samun intanet daga 8 na safe zuwa 5 na yamma kawai, Litinin zuwa Juma'a. Na ce ai wannan kamar shan ruwa ne. Na hau suwic ɗin Cisco na buɗe time-range, wato inda ake ƙayyade lokacin da doka za ta yi aiki, na rubuta periodic weekdays 8:00 to 17:00, na liƙa shi a layin permit (mai ba da izinin wucewa) na ACL, wato jerin dokokin da ke faɗin wa zai wuce wa za a tare, na saita agogo da hannu, na gwada ya yi, na kama gabana ina ta jin kaina.

Kwana uku lafiya lau. Ran na huɗu wuta ta ɗauke ta dawo wajen 7 na safe, can sai ga waya wai babu mai iya buɗe komai. Na canza kebul, na zargi rauta, har masu ba mu intanet sai da na kira na yi musu faɗa, bayin Allah ba su ji ba ba su gani ba. Sai wajen 11 na buga show clock, me zan gani, 1 ga Maris 1993, ƙarfe 4 na dare, ga ɗan tauraro a gaban lokacin wanda ke nufin shi kansa suwic ɗin bai yarda da agogonsa ba. Ashe irin wannan suwic ba ya riƙe lokaci in ya mutu, dokata tana aiki daidai, a wurinta gari ne bai waye ba.

To kafin komai ku haɗa suwic ɗin da sabar NTP, wato sabar da ke ba na'urori lokaci daidai, ku sa clock timezone, don in ba ku sa ba da UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, zai riƙa lissafi, kuma ku tabbata wata ACL ɗinku ba ta toshe ƙofa (port) ta UDP 123 ba, nan NTP ke bi.

Wani abin da ban gane da wuri ba, in an fita daga lokacin da aka ƙayyade suwic tsallake layin yake kamar babu shi ya gangara na ƙasa, in akwai permit mai faɗi a can kowa ya wuce abinsa, in babu kuma deny, wato layin hani na ƙarshe da ba a gani, ya tare kowa. Ku buga show access-lists za ku ga inactive a gefen layin.

Dokar dare kuma, 10 na dare zuwa 6 na safe kullum, raba ta ake biyu, 22:00 to 23:59 sannan 0:00 to 6:00.

In daga nesa kuke aikin ku fara buga reload in 10, wato suwic ya kashe kansa ya sake tashi bayan minti 10, kuma kar ku yi sebin tukuna, in kun kulle kanku waje zai tashi da tsohon saiti, in komai ya yi sai reload cancel don a soke shi. Ni ranar da na manta wannan sai da na ɗauki kebul ɗin konsol na je har gaban suwic ɗin da daddare.