Abin da kula da gidajen haya ya koya mini game da jarin farko

Duk mai son fara zuba kuɗi a harkar gidaje da filaye, tambayarsa ta farko ita ce nawa zai samu. Aikin kula da gidajen haya ya nuna mini cewa akwai tambayoyi biyu da suka fi wannan amfani: nawa zai saura bayan an fitar da duk ɗawainiya, kuma in lalura ta taso, yaushe kuɗin za su dawo hannu?

Ga lissafin da nakan yi wa masu farawa. A ce kuɗin hayar shekara ya kai kashi 8 cikin 100 na kuɗin gidan. Ɗan haya ya tashi, gida ya yi wata 2 babu kowa, fiye da kashi 1 ya tafi ke nan. Ga gyaran rufi da famfo da fenti, ga la'adar dillali, ga haraji. Sai ka tarar abin da ya shiga aljihu bai wuce kashi 5 ba. Wannan ba laifi ba ne, kashi 5 ma riba ce, amma wanda ya gina shirinsa a kan 8, musamman in da bashi ya saya, zai shiga matsi tun shekarar farko. Ina jin zafin ganin mutum ya tara guminsa na shekaru ya saka a gida ba tare da wani ya zauna ya yi masa wannan lissafin ba.

Fili shi ne abin da mutane suka fi rugawa gare shi saboda ya fi arha kuma ba ya neman gyara. Sai dai ba ya kawo ko kwabo sai ranar da aka sayar, ranar kuwa tana iya yin nisa. Duk wanda zai saya, ya kai takardun mallaka ofishin rajistar filaye a tantance, ya sa safiyo ya auna iyaka, lauya ya duba yarjejeniya. Kuɗin waɗannan ba asara ba ne.

Hanyar da na fi ganin ta dace da mai ƙaramin ƙarfi ita ce hannun jari a kamfanonin da ke mallakar gidaje, shaguna da ofisoshi, waɗanda ake kira REIT. An kafa tsarin a Amurka a 1960, zamanin Shugaba Eisenhower, domin ƙananan masu jari su sami rabo a manyan gine-gine. Dokar can ta wajabta wa kamfanin raba aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake biya wa haraji ga masu hannun jari. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin, Malesiya ma ta fitar da ƙa'idojin irinsa na Musulunci a 2005 don masu gudun kuɗin ruwa. Da kuɗi kaɗan ake shiga, kuma wanda ke kasuwar hannun jari ana iya sayar da shi cikin kwanaki. Farashinsa yana hawa yana sauka, kuma ba kai ke zaɓar ginin ba, don haka karanta rahoton shekara na kamfanin kafin ka saka kuɗi.

Akwai kuma sayen gida mai sassa biyu, ka zauna a ɗaya ka ba da ɗaya haya. A nan ake koyon halin 'yan haya ido da ido. Haɗa kuɗi da abokai ma hanya ce, muddin an rubuta kason kowa da yadda mai son fita zai fita.

Bashi ne nake ja wa masu farawa kunne a kansa. Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya samo asali ne daga bashin gidaje da aka bai wa mutanen da ba su da ƙarfin biya a Amurka, bisa zaton farashi ba zai faɗi ba. Ya faɗi, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. Shi ya sa kafin mutum ya sa hannu nakan ce ya ware kuɗin biyan bashin na wata 6 a gefe, ya lissafa kamar gidan zai zauna babu ɗan haya duk tsawon wannan lokacin.