Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Makon jiya na tsaya a ranar da takardar ɗaukata aiki ta iso Kumo, a 1976, 'yan watanni bayan Janar Murtala ya yanke mana jihar Bauchi daga jihar Arewa maso Gabas. Na yi niyyar yau in shiga maganar aurena da Hajiya, amma tun daren Laraba maganar mahaifina, Baffa, ta hana ni sakat. Auren ya ɗan jira.

Da na kai masa takardar, yana zaure yana ɗaure wa garma sabuwar ƙota. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini. Kun san har ya koma ga Allah bai taɓa kama sunana ba, ni ne ɗan fari. Cewa ya yi, “Kai wannan, alƙalami aka ba ka ke nan. To ka sani, ya fi garma nauyi.” Ya ci gaba da aikinsa.

Na san inda maganar ta fito. Ina yaro na sha raka shi kasuwar auduga, jakuna biyu, tun asuba. A wancan zamanin hukuma ce ke yanke farashi, kuma malamin awo ne zai cusa hannu cikin buhu ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Wata shekara Baffa da Inna suka kwana uku suna tsince audugar, babu ko ganye ɗaya a ciki, malamin ya ɗaga kai ya dube shi, ya rubuta lamba biyu. Baffa bai ce uffan ba. A hanyar komawa ne na ga yana goge ido da bakin rawani. Layi ɗaya aka ja a takarda, wahalar damina guda ta tafi.

Aikina na farko malamin gona ne a shirin noma na Gombe. Su uku ne aka fara da su da bashin Bankin Duniya, Funtuwa da Gusau da Gombe, kuma in za a faɗi gaskiya, shekarun da na fi jin daɗin aiki ke nan a rayuwata. An ba ni babur da littafi da injin feshi mai aiki da batirin tocila. Aka yi hanyoyin burji zuwa ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba, aka gina sitocin taki da iri kusa da manoma, gwamnati na ɗauke da mafi yawan kuɗin buhu. Takin kamfa da sufa, har roƙon mutane muke yi su saya, wasu na cewa yana ƙona ƙasa. Masara kuwa, yaran yanzu ba za su yarda ba in an ce musu da can a bayan gida kawai ake shuka ta, a gasa a ci lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu. A kan idona ta zama amfanin gona na sayarwa, ana loda ta a manyan motoci. Ina da hannu a wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun a lokacin. Mutanen ƙauye sun ɗauka kyauta ce, “aikin Turawa” suke cewa. Duk inda na zauna a ƙofar gidan mai gari sai na gyara musu: bashi ne, da ruwa a kansa, kuma jikokinku za su biya. Wani dattijo a wajen Deba ya yi dariya ya ce, “Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa.” Na ce haka ne Baba, amma wanda ya ci ya kamata a ce ya ƙoshi.

A farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa irin wannan aiki ya game jihar baki ɗaya. Ni kuma bayan na ƙaro karatu a Samaru sai aka ɗauke ni daga gona aka kai ni wani ofishi, sashen tsare-tsare da ƙididdiga. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ba kuma zan faɗi sunan shugabansa ba. Yana da 'ya'ya, kuma wasunsu suna gaishe ni.

Sai SAP ta zo, wato shirin tsuke bakin aljihu da gyaran tattalin arziki. A 1985 Janar Babangida ya jefa wa jama'a muhawara, a karɓi bashin IMF, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ko kar a karɓa. Muka yi ta musu a ofis da majalisar yamma, kusan kowa ya ce a'a, a watan Disamba aka sanar an ƙi. Shekara ba ta zagayo ba sai ga sharuɗɗan sun shigo ta taga. A Satumbar 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje. Dalar da a 1985 ba ta kai naira ɗaya ba, kafin ƙarshen 1986 ta haura naira uku. Duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, tun daga maganin feshi har tayar babur. Ma'aikacin da a da ke karɓar bashin mota ya fito da sabuwar Fijo, ya koma lissafin kuɗin cefane. A shekarar aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Saboda Baffa, ban zubar wa wannan hukuma hawaye ba. Amma ita ce ke raba tsabtataccen iri duk shekara, kuma da aka kashe ta ba a ajiye kowa a gurbinta ba. Iri ya gauraye, manomi ya koma hannun dillali. Waɗanda suka tsara abin a takarda sun ce kasuwa za ta gyara kanta. Da sun zo Kumo sun tambayi Goggo, da ta gaya musu wanda ke cin kasuwa in babu mai tsawatarwa.

To, daminar 1987 ta yi gardama. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri. Aikinmu shi ne awon amfani: yaranmu su shiga gonar manomi da igiya da turaku, su keɓe ɗan fili, a girbe, a busar, a sheƙe, a ɗora a sikeli a gaban mai gonar. Ni da kaina na bi su gona-gona. Na tuna wata gona da muka ɓare masara, zangarniyar rabinta babu ƙwaya, kamar bakin tsoho. Mai gonar ya tsaya yana kallon allurar sikelin, ya ce, “Malam, rubuta yadda ka gani, ko Allah zai sa su ji.” Na rubuta yadda na gani.

Da muka haɗa lissafi, abin da aka samu bai kai rabin wanda aka yi alkawari ba. Ga shi baƙi daga wajen masu ba da bashi suna tafe duba aiki, kuma sakin kason kuɗi na gaba ya rataya a kan rahoton.

Shugaban ofishin ya kira ni bayan azahar, ya sallami masinja, ya rufe ƙofa da kansa. Rahotona na kan tebur, ya bi shi da jan biro. Gefensa ga wani sabo, an riga an buga shi a tafireta, an bar gurbin sa hannuna.

“Malam, ka san in kuɗin nan bai fito ba, mutum nawa za a sallama?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“To sa hannu. Baɗi in an yi ruwa lissafi zai daidaita.”

Na ce, “Yallaɓai, a rubuta musu an yi fari, ai ba laifinmu ba ne. Amma wannan adadin ban auna shi ba.”

Ya ce ni yaro ne, ban san yadda ake aikin gwamnati ba. Shekarata goma sha ɗaya a aiki a lokacin. Ya cire hular biron ya ajiye a gabana, kuma wallahi hannuna ya motsa. Ba zan ɓoye ba, domin sunana na cikin waɗanda za a tura Ingila kwas na shekara ɗaya a kan tsara tattalin arzikin karkara, har na yi fasfo, Hajiya ta saya mini rigar sanyi a gwanjo. Amma biron nan ya yi mini nauyin da ban iya ɗaga shi ba. Baffa ya shekara biyu a ƙasa, sai na ji kamar yana bakin ƙofa. Na miƙe na ce a gafarce ni.

Mataimakina ya sa hannu washegari. Shi ya tafi Ingila.

A 2005 ina zaune ina sauraren rediyo aka ce ƙasashen Paris Club, wato ƙungiyar ƙasashen da ke bin mu bashi, sun yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, ita kuma za ta biya kimanin biliyan 12, lokacin Obasanjo da ministarsa ta kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Autana ya ce, “Baba, to ai bashin naku ya wuce.” Na ce bai wuce ba. Wancan bashin ƙasashe ne. Na bankunan raya ƙasa da aka ci don ayyuka irin namu ba ya cikin yafiyar, biyansa aka yi. Har da kason da aka saki a kan masarar da ba ta taɓa tsirowa ba. Mai gonar nan da ya ce in rubuta yadda na gani, da shi aka biya.

Bari in koma kan maganar ofis. Aka ba ni takardar tuhuma, wai rashin biyayya, aka cusa ta cikin fayil ɗina. Aka mayar da ni wani ɗaki kusa da sito, tebur da kujera, babu takarda ko ɗaya da ke zuwa. Ƙarin girma ya tsallake ni sau biyu. Kawu ya zo har gida ya yi mini faɗa, ya ce wa ya naɗa ni alƙalin duniya, ina da iyali. Hajiya ce kaɗai ba ta ce komai ba, ta ninke rigar sanyin ta sa a ƙasan akwati. Tana nan har yau.

Da aka ƙirƙiro jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ce kowa ya koma jiharsa, muka loda fayiloli a bayan mota. Ina zaton an rabu ke nan, ashe takardar tuhumar ta biyo ni cikin kaya. Wani babban sakatare, Allah ya jiƙan mahaifansa, shi ya karanta ta, ya kira ni ya ji ta bakina, ya rubuta a gefenta cewa a rufe maganar. Daga nan na yi ta aiki har na cika shekara 35 na yi ritaya a 2011. Amma matakin da ya kamata in kai ban kai ba, kuma a kan matakin da ka sauka ake lissafa maka fansho. Duk ƙarshen wata sai na tuna da ɗakin nan da jan biro.

Matasa suna zuwa wurina yanzu, masu neman aiki da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da suka cika yankinmu tun rikicin Boko Haram. Tambayarsu ta farko albashi, ta biyu ko ana fita waje. Ba na ganin laifinsu, ni ma na so fitar. Nakan ce musu su koyi lissafi da kyau, su kuma je ƙauyen da ƙafarsu kafin su rubuta adadi a kwamfuta. Sai in ba su maganar Baffa. Wasu su yi shiru, wasu su duba waya.

Na haɗu da tsohon shugaban nan nawa sau ɗaya bayan nan, a wajen jana'izar wani abokin aikinmu a Bauchi. Ya tsufa, ana riƙe da shi. Bayan an shafa fatiha ya kamo hannuna ya ce, “Malam, a yafi juna.” Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na jira ya ambaci takardar, ko da kalma ɗaya. Bai ambata ba, ya tambaye ni yara.

Kwafin rahotona na asali, mai jan biro, masinjan nan ne ya tsince shi a kwandon shara ya kawo mini gida da daddare, a naɗe cikin jarida. Yana akwati ɗaya da rigar sanyin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda Goggo ta je neman auren Hajiya ba tare da sanin Baffa ba.