Sanyin Ngaundere da ƙafar auta

Wallahi sanyin Ngaundere ta Kamaru a Disamba da Janairu ba wasa ba, garin kan tudu yake, da asuba siminti kamar ƙanƙara. Autana kullum sai ya yi kuka kafin lekol (makaranta) wai yatsunsa sun ƙage, ga faso a dunduniya. Goggo ce ta ce min ke ma dai, ina tsohon bargon nan? Sai na ɗora ƙafarsa kan kwali na zana na yanka, na yanko bargo daidai shi na ɗinke na cusa cikin kambas. Na farko ya yi kauri takalmin ya matse shi, dole na sake. Da dare kuma man kaɗanya da safa. Yanzu yayarsa ma ta kafe sai an yi mata nata.