Kyauta ta haihu tana da wata 34

Shekaran jiya da asuba saniyata Kyauta ta haihu. Maraƙa ce, ja kamar uwarta, da ɗan fari a goshi. Bayan na dawo masallaci na ɗauko littafin da nake rubuta lamuran shanu na ƙirga: wata 34 ke nan tun ranar da aka haifi ita Kyautar a cikin wannan gida. Na daɗe zaune bakin komi da littafin a hannu, domin yayarta Baƙuwa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai da ta shekara huɗu da wata bakwai kafin ta ba mu ɗigon nono. Tsakaninsu wata 21. Wata 21 muna ci da ita, muna shayar da ita, muna kwashe kashinta, ba ko ludayi ɗaya na madara. Kuma na san ba daga jininta ba ne, daga hannuna ne.

Ni malamin firamare ne a bayan garin Argungu. Shanuna ba su kai goma ba. Uwargida ke tatsa, ta kafa kindirmo, yara su kai cikin gari, kuma da wannan kuɗin ake cefane in wata ya yi nisa. Uwar waɗannan biyun Gudali ce, irin da Fulani ke kira Bokoloji, ubansu kuwa bijimin wani maƙwabcinmu ne, ruwa biyu, yana da jinin Firisiyan.

A gida irin namu wadda ake tatsa ita ce 'yar gata. Ita ake zuba wa dusa da harawa, don da safe za a ga sakamako a ƙwarya. Karsana kuwa ba ta kawo komai tukuna, sai abin da ya rage. Haka Baƙuwa ta tashi. Cikin dare aka haife ta ana ruwa, ba wanda ya sani, ba ta kama nono ba sai da hantsi. Daga baya muka riƙa tatse uwar ƙarƙaf, a bar mata abin da bai taka kara ya karya ba. Tana da shekara ɗaya da 'yan watanni ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadama, ba hatsi ba haki, harawa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba. Ɗan abin da na iya saye, masu nono na ba.

Da ta shekara biyu da rabi ba ta taɓa neman barbara ba, sai na fara cewa juya ce, har na yi niyyar kai ta kasuwa. Wani malamin dabbobi, dattijo da ya yi ritaya, ya zo duba wata saniyar, na yi masa zancen. Bai ce komai ba. Ya zaro tef irin na tela daga aljihu, ya zagaya shi a ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba, ya duba wata 'yar takarda, ya ce nauyinta bai fi kilo 150 ba. Ya shafa haƙarƙarinta, ya ɗaga fatar idonta ya duba.

"Malam, wannan ba juya ba ce. Yunwa ce."

Na ce, "Baba, ai kullum da abinci a komi."

Ya ce, "To yau in an zuba, kada ka shiga gida. Ka tsaya ka gani."

Na tsaya. Da la'asar yaro ya juye dusa da harawa a komi, manya suka taso. Baƙuwa ta matso ta gefe, ta miƙa wuya, ba ta kai ga ɗauka ba sai Fara, wata Bunaji mai dogon ƙaho, ta kaɗa kai kawai. Ko taɓa ta ba ta yi ba. Baƙuwa ta ja da baya har gindin turke, ta tsaya tana kallo, tana kaɗa wutsiya. Sau uku tana gwadawa. Sai da manya suka ƙoshi suka kwanta tuƙa sannan ta zo, ta tarar da sandunan harawa marasa ganye da rairayin da ya kwanta ƙasan komi. Shi ta lasa. Shekara biyu abin da ke faruwa ke nan a bayan ɗakina, ni kuma ina ganin komi wayam da safe in ce kowa ya ci.

Dattijon nan shi ya fahimtar da ni cewa karsana ba da shekaru take balaga ba, da nauyi ne. Ba a so a yi mata barbara sai ta kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin da za ta yi in ta gama girma. Uwarsu tana kusan kilo 350, ke nan ana neman 'yarta ta haura 200. A gonakin madara na Turai da Amurka karsana kan yi haihuwar fari tana da shekara biyu. A garkunanmu na kiwon daji shekara huɗu ce, wata har biyar, kuma mun saba da hakan har muna ɗauka halittar shanunmu ce. Akwai bambancin jini, ban musa ba. Amma kaso mai yawa na wannan jinkirin rani ne ke jawo shi: ta yi ƙiba da damina, ta zube da bazara, shekara ta zagayo tana nan inda take.

Da aka haifi Kyauta, farkon hunturu, ina tsaye. Kafin awa guda na tallabe ta na kai bakinta ga hantsa har ta sha dakashi ta ƙoshi, na tsoma cibiyarta cikin aidin. Maraƙi ba ya zuwa duniya da garkuwar jiki, daga dakashi yake samu, kuma hanjinsa na karɓar wannan garkuwar ne a awannin farko kawai. In an kwana an wuni ƙofar ta rufe. Wanda ya rasa shi, shi ne ke fama da zawo da tari.

Maganar madara ce ta fi wuya, don a nan kuɗin cefane yake. Na ce wa uwargida a bar wa maraƙar kan nono biyu, safe da yamma. Ta ce, "Malam, masu sayen kindirmo fa? In suka koma wani gida ba su dawowa." Gaskiya ta faɗa, kuma mun rasa wasu. Muka daidaita: wata uku na farko biyu nata, daga nan ɗaya. Dama Gudali ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta a gabanta, saboda haka yayen bai zo farat ɗaya ba, a hankali muka janye har ta kai wata shida.

Tun tana da mako biyu na ajiye mata ɗan kwano da dusar masara da dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri, ga ruwa mai tsabta a gefe. Da farko wasa take yi da shi. Amfaninsa ba ƙoshi ba ne: tumbin maraƙi ba ya aiki lokacin haihuwa, hatsin nan ne ke tayar da shi, yadda in an janye madara cikinta zai iya sarrafa haki. Angurya kam ban ba ta ba sai da ta girma, don tana da wani sinadari da ke cutar da ƙananan maruƙa. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuma zubarwa nake yi, ko da ina jin zafin kuɗinsa.

Mu a Kabi Allah ya hore mana hakin shinkafa. Tun da noman rani ya bunƙasa, sau biyu ake girbi a shekara, har ƙona shi ake yi a gona. Sai dai cika ciki kawai yake yi, ba ya gina jiki. Karsanar da aka bar wa shi zalla za ka ga cikinta ya yi tulu, ƙugunta ya tsuke, gashinta ya tashi. Dusar shinkafa ma sai an lura. Ta ƙananan injinan unguwa a haɗe take da ɓuntu, shi kuwa ɓuntu ba abinci ba ne. Nakan ɗebo a tafin hannu in murza: in ta yi laushi kamar gari, da ɗan maiƙo, in saya, in tana sukar hannu in bar ta.

Abin da ya riƙe mini Kyauta shi ne harawar wake da ta gyaɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka da kaka nake saye tun tana da araha, tun ganyen bai kakkaɓe ba, in jibge a kan rumfa in rufe. Kullum tana da damminta ita kaɗai, da wajen kilo ɗaya na haɗin dusa da ƙuli-ƙuli, na ƙara zuwa ɗaya da rabi da ta girma. Da bazara yara kan tsinto mata 'ya'yan gawo. Hakin shinkafar kuma na koyi gyara shi: kilo 4 na takin yuriya a narka cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na haki, a danne cikin rami da aka shimfiɗa wa leda, a rufe ruf mako uku. In an buɗe a bar shi ya sha iska warin ya fita. Yana yin laushi, ya koma ruwan ɗorawa, kuma sun fi cin sa. Amma ba a ba maraƙin da bai wuce wata shida ba, kuma kada wanda ya kuskura ya zuba takin kai tsaye cikin abinci ko ruwan sha, kisa yake yi nan take. Kanwa da gishiri muna bayarwa kamar kowa, na ƙara da dunƙulen lasa na shagon maganin dabbobi tun ranar da na ga Baƙuwa na taunar tsohon ƙashi a juji.

Fadama ba na kai ƙanana. In ruwa ya janye ciyawar burgu ta yi kore shar, abin sha'awa, amma a nan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta suke. Mahautan garin nan sun san yawan hantar da suke zubarwa. Maganin tsutsa da na kaska da allurar ciwon huhu, duk na rubuta ranakunsu a littafi.

Wurin kwana ma na yi kuskure da farko. Don tsoron ɓarayi na sa Kyauta a wani tsohon ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga. Mako biyu ta fara tari, hanci na zuba. Wata safiya na durƙusa in ɗaure mata igiya, warin fitsari ya buge ni har idona ya kawo ruwa, gwiwar wandona ta jiƙe sharkaf. A tsaye ban taɓa jin wannan warin ba. Ita kuwa a nan hancinta yake dare da rana. Ranar na fitar da ita.

Na yi mata rumfa a cikin gida jikin katanga, taku huɗu da taku uku, nesa kaɗan da manya amma tana ganinsu. Na ɗaga rufin sama sosai. Kwano ne, amma na shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, don a watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, kwano zalla gasa dabba yake, dabbar da zafi ya dama kuwa ba ta cin abinci. Tsawon rumfar ya bi gabas da yamma don inuwa ta daɗe. Ƙasan na cika da marmara na daɓe, na ɗan karkatar da shi fitsari ya gangara waje, na watsa busasshen haki inda take kwanciya. Gefuna a buɗe suke, sai da hunturu nake kafa zana ta gabas da arewa inda iskar ke fitowa, in bar sama a buɗe. Ba na ɗaure ta, shinge ne, tana zagayawa yadda take so. Kominta daban, bahon ruwanta daban a cikin inuwa, ba ya rabuwa da ruwa. Kullum da safe ɗana ke kwashe kashin, mu tara, masu albasa su saya. Da aka sami wani maraƙi sa'anta na haɗa su, sai na ga ta ma fi cin abinci.

Kowane farkon wata nakan zagaya mata tef in rubuta. Ba kiwon Sallah nake yi ba. Wani abokina ya ɗura wa karsanarsa dusa har ta yi kitse kamar san yanka, da ta haihu hantsar ta cika ido amma ba nono, don kitse ya cinye wurin. Nakan so in ji haƙarƙari in na shafa, amma kada in ƙirga su daga nesa.

Tana da wata 23 ta fara neman barbara: kuka, rashin natsuwa, hawan 'yan'uwa, yauƙi na zuba. Tef ya nuna da saura, na ƙyale ta. Bayan kwana 21 ta sake, na sake ƙyalewa. Sai a wata na 25, da ta haura kilo 210, na kai ta. Ban bi bijimin da kowa ke kai wa ba, don gudun bakkale mai sa ɓari, na kuma guji mai ƙaton jiki don kada ɗan ya yi mata girma. Wata biyu kafin haihuwa na ƙara mata abinci, tunda ita kanta ba ta gama girma ba ga kuma wani a ciki.

Baƙuwa tana nan, ta haihu sau ɗaya. Har yau ba ta kai uwarta tsayi ba, nononta kuma bai taka kara ya karya ba, ga ta da haƙuri, ko yaro ya tatse ta. Wasu sun ce in sayar. Na kasa.

Jiya da yamma uwargida ta fito da ƙwarya, ta tsaya bakin shinge tana kallon jaririyar na tsotso, kumfa na zuba gefen bakinta. Ta juyo ta ce, "Malam, biyu nata ko?" Na ce biyu nata. Ta mayar da ƙwaryar ɗaki, don dakashi ne har yanzu. Ni kuma gobe in Allah ya kai mu zan je wajen mai amalanke a kawo marmara, ruwan bana ya zaizaye gefen rumfar, ina so a daɓe kafin a raba ta da uwar.